Suna Linzami: Tarihin Sunayen da Aka Kira Yaro Mai Otizim da Ƙofofin da Aka Kai Shi

Ya ku iyaye, idan a gidanku akwai yaron da ya kai shekara 3 bai fara haɗa kalmomi ba, ana kiran sunansa ba ya waigowa alhali yana jin motsin leda daga ƙuryar ɗaki, yana kaɗa hannuwa ko jujjuya murfin kwano na tsawon lokaci, yana toshe kunne idan an tayar da injin niƙa, to tambayoyi biyu ne ke gabanku. Da wane suna za a kira halin da yake ciki? Wurin wa kuma za a kai shi? Iyayen Sabon Birni da na Isa ba su ne farkon waɗanda suka tsaya gaban waɗannan tambayoyi ba. An shafe sama da shekara 100 ana amsa su a ƙasashe daban-daban. An dace a wasu lokuta, a wasu kuwa an tafka kurakuran da suka ci rayuka. Sanin wannan tarihi zai taimake ku wajen rarrabe mai taimako da mai cin kasuwa.

Abin da ƙasar Gobir ta gada

Kufan Alƙalawa, tsohon birnin Gobir da ya faɗi a hannun masu jihadi a 1808, yana cikin ƙasar Sabon Birni ta yau. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri, daga baya wani reshe nasu ya kafa Sabon Birni, yayin da Isa ta tsaya a ɓangaren Daular Sakkwato, sarkinta na riƙe da sarautar Sarkin Gobir. Wannan ƙasa ta gaji hanyoyin neman lafiya biyu masu ƙarfi. Akwai bori, wanda Inna ta Gobir ke shugabanta, inda ake danganta cuta da iskoki. Akwai kuma hanyar malamai ta rubutun sha da tofi da addu'a, wadda jihadi ya ƙara wa ƙarfi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, 'yar'uwarsa Nana Asma'u ma ta yi. A gefen waɗannan akwai wanzami da ungozoma da boka da 'yar mai ganye, kowa da fanninsa.

Ƙasar Hausa ba ta rasa tsarin kula da masu larura ba. Manyan garuruwa suna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, a wasu wurare har da Sarkin Bebaye, kowannensu yana magana da yawun jama'arsa a fada. Amma ku lura, duk waɗannan larurori ne da ido ke gani ko kunne ke shaidawa. Yaron da jikinsa yake lafiya lau, sai dai hanyar maganarsa da mu'amalarsa ta bambanta da ta tsararrakinsa, bai samu sarki ba, bai samu suna na mutunci ba. Abin da ya samu shi ne wawa, dolo, gaula, taɓaɓɓe, ko a ce shafar aljanu ce, ko a ce ɗan ruwa ne, wato an musanya ɗan gaskiya da ɗan iskokin ruwa.

Hausawa sun ce suna linzami. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sunaye yana jan yaro zuwa wata ƙofa. Wanda aka ce aljanu ne, hayaƙi da turare za a yi masa. Wanda aka ce taurin kai ne, bulala ce rabonsa. Wanda aka ce wawa ne, ba za a ɓata kuɗin makaranta a kansa ba. Wanda aka ce ɗan ruwa ne kuwa, akan kai shi bakin gulbi a ce ya koma inda ya fito. Duk da haka, babban gida na gargajiya yana da alherinsa: akan samu kaka ko goggo da ta fahimci yaron fiye da kowa, akan kuma ba shi aikin da ya iya, kamar kula da awaki ko ɗebo ruwa, ya girma a cikin dangi. Wannan gado ne da bai kamata ku yar ba.

Daga gidan mahaukata zuwa ƙauyen Aro

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, iyakar da suka shata da Faransa kuma ta raba Gobir biyu, Tsibiri a Nijar, Sabon Birni a Najeriya. Abin da mulkin mallaka ya kawo a fannin ƙwaƙwalwa tsarewa ce. An buɗe gidan mahaukata a Kalaba a 1904, da na Yaba a Legas a 1907, aka yi Dokar Mahaukata a 1916, aka sabunta ta a 1958. Manufar dokar ita ce a killace mutum don kada ya dami jama'a. A ƙarƙashinta Najeriya ta zauna har watan Janairu na 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta amince cewa mai irin wannan larura yana da haƙƙi da mutunci. Tunanin tsarewa bai tsaya a ofisoshin gwamnati ba. A 2019 'yan sanda sun buɗe gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura da wasu garuruwa, suka fito da ɗaruruwan mutane, cikinsu har da yara, wasu da sasari a ƙafa. Da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, da zaton gyara ake yi musu.

Amma a Najeriyar nan aka nuna wa duniya wata hanyar. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda maras lafiya ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti da rana. Lambo ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. Daga baya ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Darasin Aro shi ne mutum ya fi samun sauƙi a cikin danginsa, kuma dangi abokan aikin likita ne. Ku riƙe wannan ma'auni, za ku buƙace shi.

Yadda aka gane otizim

Wani likita ɗan Suwizalan, Eugen Bleuler, shi ya ƙirƙiro kalmar a 1911 daga kalmar Girkanci mai nufin kai, ko da yake wata cuta ta manya yake bayani. A 1925 wata likita a Mosko, Grunya Sukhareva, ta siffanta yara maza 6 masu halayen da yau ake kira otizim, amma aikinta ya daɗe ba a waiwaye shi ba. Wanda duniya ta saurara shi ne Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka, wanda ya wallafa bayanin yara 11 a 1943. Na farkonsu, Donald Triplett, an taɓa ajiye shi a gidan killace yara, iyayensa suka ɗauko shi suka dawo da shi gida. Ya girma a ƙaramin garinsu na Forest a jihar Misisifi, ya yi karatu har kwaleji, ya yi shekaru yana aiki a banki, ya iya tuƙa mota, ya zaga ƙasashe, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Mutanen garin sun san shi, sun kuma tsaya masa.

A 1944 Hans Asperger ya wallafa nasa bayanin a birnin Biyana, aka daɗe ana kiran wani nau'i na larurar da sunansa. Sai a 2018 binciken takardun tarihi ya nuna cewa ya sa hannu wajen tura wasu yara zuwa asibitin Spiegelgrund, inda aka kashe yara kusan 800 a zamanin 'yan Nazi. Kalma ɗaya a takardar likita, cewa yaro ba zai koyu ba, ta isa ta zama hukuncin kisa a wancan wuri.

Iyaye mata ma sun ɗanɗana kuɗarsu. Daga shekarun 1950 aka yaɗa cewa sanyin zuciyar uwa ne ke jawo otizim, Bruno Bettelheim kuma ya ƙara wa zargin ƙarfi da littafinsa na 1967. An raba yara da iyayensu a kan wannan zato. Bernard Rimland, masanin halayyar ɗan Adam wanda ɗansa ke da larurar, ya ƙaryata zancen tun 1964, sannan binciken tagwaye da Susan Folstein da Michael Rutter suka yi a Ingila a 1977 ya nuna cewa gado yana da babban kaso a ciki. Don haka idan dangin miji suka ce ke uwa ce kika jawo, ko kishiya ta yi hannunka mai sanda da cewa bakin wani ne ya kama ki, ki sani an riga an yi wa wasu matan wannan ƙazafi, ilimi kuma ya wanke su.

A 1979 Lorna Wing da Judith Gould suka nuna a Landan cewa otizim ba kala ɗaya ba ne. Akwai wanda ba ya magana sam, akwai mai magana kamar littafi amma hira da tsara na yi masa wuya. A 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi ya haɗe nau'o'in a ƙarƙashin suna ɗaya. An kuma taɓa zaton larurar ta Turawa ce kaɗai, har Victor Lotter ya duba yara a ƙasashen Afirka 6, ciki har da Najeriya, ya wallafa a 1978 cewa akwai ta a nan ma. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa amfani da shi shi ne kusan yaro 1 cikin 100. Ku ƙidaya yaran makarantar allo ɗaya a Gatawa ko Turba, ku ga abin da wannan lissafi ke nufi.

Kurakuran masu magani

A shekarun 1960 Ivar Lovaas ya fara horar da yara masu otizim a Kalifoniya ta hanyar lada da horo, a farkon aikin har da mari da jan lantarki. Hanyar ta sauya sosai daga baya, ana kuma amfani da ita a wurare da yawa ba tare da duka ba, amma manya da dama da aka horar suna yara sun ce an koya musu ɓoye halinsu ne don jin daɗin masu kallo, abin kuma ya bar musu tabo. A 1998 Andrew Wakefield ya wallafa a mujallar Lancet cewa allurar rigakafin da ta haɗa da ƙyanda tana da alaƙa da otizim. An gano maguɗi a aikin, mujallar ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisinsa a Ingila. Wani bincike a Denmak da aka wallafa a 2019, wanda ya bi yara sama da 650,000, bai ga wata alaƙa ba. Arewa ta san farashin irin wannan jita-jita, domin ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003 ya bar yara da yawa a ƙasa. A 2005 kuma wani yaro ɗan shekara 5 da aka kai daga Ingila zuwa Amurka ya rasu a ɗakin likita ana yi masa ƙarin ruwan da aka ce zai wanke ƙarfe daga jininsa ya warkar da otizim. Wanda ya ba da umarnin ɗaura ruwan likita ne mai takardar shaida. Ashe takarda wajibi ce, amma ita kaɗai ba ta wadatar ba.

Gyara mafi girma ya zo ne lokacin da masu larurar suka fara magana da bakinsu. Temple Grandin, wadda aka haifa a 1947 kuma ba ta yi magana ba sai bayan shekara 3, ta zama farfesar kimiyyar dabbobi, tsarin shingayen shanu da ta zana ana aiki da shi a manyan mayankan Amurka. Ta ce yadda take lura da ƙananan abubuwa, kamar inuwa ko ƙyallin ƙarfe da ke firgita saniya, shi ne sirrin aikinta. A 1993 Jim Sinclair ya gaya wa taron iyaye a Toronto cewa su daina makokin ɗan da suka yi mafarki, su dubi wanda ke gabansu. A 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Afrilu a matsayin ranar otizim ta duniya.

Kalmomin da za ku zaɓa

Masu magana da Ingilishi suna ta muhawara: a ce mutumin da ke da otizim, ko a siffanta shi da kalmar kai tsaye? Wani bincike a Ingila a 2016 ya nuna cewa manya masu larurar da yawa sun fi son na biyu, ma'aikatan lafiya kuma sun fi son na farko. Hausa ta huta da wannan gardama, domin kalmar "mai" tana ɗaukar duka biyun, kamar yadda ake cewa mai gida da mai haƙuri. "Yaro mai otizim" ya wadatar.

Kafofin labarai sukan ce galahanga don jama'a su gane, amma kun san yadda kalmar take fita a bakin yaran unguwa, kuma tana cakuɗa larurori daban-daban wuri ɗaya. Wasu masu otizim suna da jinkirin fahimta, wasu kuwa sun fi 'yan ajinsu ƙwaƙwalwa. Larura ta fi cuta dacewa, domin ba a ɗaukarta, ba kuma ciwo ba ce da za a sha magani ta tafi. Maimakon "ba ya ji," ku ce "yana buƙatar lokaci kafin ya amsa." Maimakon "haukarsa ta tashi," ku ce "hayaniya ta yi masa yawa." Kada ku kira shi bebe, domin yaro da yawa da ba ya magana yana fahimtar abin da ake faɗa a kansa, magana kuwa zarar bunu ce. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana jifan juna da munanan laƙabi, ba ta kuma ware yaro ba. Sunan da aka raɗa masa ranar suna shi ne farkon haƙƙinsa, ku sa 'yan'uwansa da malamansa su riƙe shi.

Wurin wa za a kai shi

Ku fara da gwajin ji. Yankin nan yana cikin ƙasashen da sanƙarau ke addaba, kamar yadda aka gani a annobar 1996 da ta 2017, shi kuwa sanƙarau yakan bar kurumta. Zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, da shawarar jarirai, da wahalar haihuwa, da gubar dalma irin wadda ta bayyana a Zamfara a 2010, duk suna iya jawo jinkirin magana, kowanne kuma da irin kulawarsa. Ku karɓi takardar turawa daga babban asibitin Sabon Birni ko na Isa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, inda akwai likitocin yara da na kunne, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Zuwa Kware ba ya nufin ɗanku mahaukaci ne. Babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna otizim, likita yana gane shi ne ta kallon yaro da sauraron tarihinsa. Ku gaya masa abin da al'ada ta koyar, domin sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne a wurinmu, shi ya sa akan daɗe ba a gane yarinya mai otizim ba, ana yaba mata da kunya.

Masu horar da magana, da masu gwajin ji, da masu koyar da ayyukan yau da kullum, duk hukumar rajistar masu aikin farfaɗo da lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke ba su lasisi. Ba rashin kunya ba ne ku nemi ganinsa. Bayan takarda, ku auna mutumin da idonku. Shin ya gaida yaron da sunansa, ya durƙusa daidai tsayinsa? Ya yarda ku zauna a ɗakin yayin da yake aiki? Yana jin Hausa, ko zai horar da yaron Gobir da harshen da ba a yi a gidansu? Me yake yi idan yaro ya yi kuka ko ya ƙi? Wane buri ya sa na wata 3, kuma burin zai amfani yaron ne, kamar ya iya nuna yana jin ƙishirwa ko ya shiga bayi da kansa, ko kuwa kawai a hana shi kaɗa hannun da ba ya cutar da kowa? Mai aikin ƙwarai ba ya ƙyamar hoto da alamar hannu, domin ba sa hana magana fitowa.

Ku tashi ku bar duk wanda ya yi alkawarin warkarwa cikin kwana kaza, ko ya ce ku bar masa yaron ku tafi, ko yake duka da ɗauri da hana abinci, ko yake turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, ko ya ce a daina maganin asibiti, ko da wace riga ya sa. Addu'a da karatun Alƙur'ani ba sa karo da asibiti, malamin kirki kuma ba ya dukan yaro da sunan dukan aljani. Babu ƙwayar da ke kawar da otizim. Akwai magunguna irin su risperidone da likita kan rubuta idan yaro yana ji wa kansa ciwo, amma suna sa ƙiba da barci, kada a saye su a kemis ba da takarda ba. Farfaɗiya takan zo tare da otizim, ita kuwa tana da magani mai aiki, kada a yi sakaci da ita.

Babu mai musun cewa hanyar Sabon Birni zuwa Goronyo da ta Isa zuwa Shinkafi sun zama abin fargaba a shekarun nan, iyalai da dama kuma suna gudun hijira, wasu har jihar Maraɗi. Zuwa Sakkwato kowane mako ba abu ne mai yiwuwa ba. A nan bincike yana da albishir. A Ingila an gwada koyar da iyaye yadda za su bi hankalin yaro a wasa su amsa ƙananan alamunsa, sakamakon da aka wallafa a 2016 kuma ya nuna amfanin ya ɗore shekaru bayan an gama horon. An maimaita tsarin a Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, ta hannun ma'aikatan lafiya da ba ƙwararru ba, ya kuma inganta mu'amalar iyaye da yaransu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin horar da masu reno a kan wannan tafarki. Saboda haka mafi amfanin ma'aikaci a gare ku shi ne wanda zai koya muku abin da za ku yi lokacin wanka da cin tuwo da ba awaki dusa, ya kuma yarda ku riƙa tuntuɓarsa ta waya. Kafin tafiya ku ɗauki gajerun bidiyon yaron a waya, ku rubuta tambayoyinku, ku haɗa ganin likitan kunne da na yara a zuwa ɗaya. Uba ya je tare da uwa, domin shawarar da maigida ya ji da kunnensa ta fi saurin zama doka a gida.

Ku kuma san haƙƙinku. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ba ɗanku haƙƙin ilimi da kulawar lafiya ba tare da tsangwama ba. A Sakkwato akwai makarantar A. A. Raji ta masu buƙata ta musamman, amma yara da yawa masu otizim za su iya zama a firamare ko Islamiyyar unguwarsu idan malami ya san ya zaunar da su nesa da hayaniya, ya kuma ajiye bulala. Ku je ku same shi tun farkon zango, ku bayyana masa abin da ke firgita yaron da abin da ke kwantar masa da hankali. Idan kun san wani gida a unguwa mai irin ɗanku, ku nemi juna, ku raba kuɗin mota da abin da kuka koyo. Ƙungiyoyin otizim na Ingila da Amurka iyaye ne suka kafa su a shekarun 1960, lokacin da likitoci ke ɗora musu laifi, kuma da 'yan gidaje kaɗan suka fara.